Wayar da Za Ta Riƙe Maganar Gwaggo

Zuwa ga 'yata Maryam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki da kyau, tare da Kawunki Sani da iyalinsa duka a Rijiyar Zaki. Allah Ya sa kin gama rajistar makaranta lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da abokan arziki. Innarku tana gaishe ki, ta ce in tambaya ko kina cin abinci. Na ce mata wanda yake gidan Kawu ba a yi masa wannan tambayar.

Shekaranjiya kin kira ni kin ce Kawu zai kai ki kasuwar waya ranar Asabar ya saya miki taki, tukwicin shiga jami'a. Kika tambaye ni iPhone za ki ɗauka ko Android, na ce miki duk ɗaya ne. Ban faɗa miki gaskiya ba. Ina tsakiyar ɗaurin gero ne, rana ta buɗe, ga jaki ya ƙi tsayawa, sai na sallame ki da abin da ya zo bakina. Da na dawo gida maganar ta tsaya min a rai. Shi ya sa na ɗauko takarda, gobe da safe zan ba direban motar Tsanyawa ya kawo miki. Kin san yatsuna a kan waya, kafin in rubuta miki layi uku an girbe dawa.

Ga dalilin da ya sa ba ɗaya ba ne. Akwai aikin da yake jiran wayar nan tun ba a saye ta ba. Kin san Gonar Kwari, wadda muka gada daga kakanki Malam. Maƙwabtanmu na gabas sun sayar da tasu ga wani mutumin birni, kuma an tabbatar min da zarar an kawar da dawa zai zo da masu awo su kafa masa siminti a iyaka. Inda aka kafa simintin nan, nan ne iyaka har jikokinki. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san ainihin inda gonarmu ta tsaya ta wannan gefen, ita ce Gwaggo Mairo ƙanwar Malam, takwararki. Tana nan ranar da aka raba musu gadon mahaifinsu, da idonta ta ga inda aka binne duwatsun shaida. Ina so ranar Alhamis in kin zo gida ki ɗauke ta a bidiyo tana bin iyakar tana faɗa da bakinta, a gaban mai unguwa da dattawa biyu. Na taɓa yin irin wannan aikin da hannuna, na kuma zubar da shi da hannuna. Kina ƙarama lokacin, kin dai ji an yi rigimar gona, amma ba ki san yadda aka yi ba, don ban taɓa gaya wa ko ɗayanku ba.

Kuskurena na farko ido ne ya jawo min shi. An tara mu malaman firamare bita a Dawakin Tofa, sai wani abokin aikinmu ya ajiye wayarsa a kan tebur, ya kifa ta yadda kowa zai ga bayanta. iPhone ce. Wallahi Maryam ban san abin da aka koyar a bitar nan ba, hankalina yana kan teburin. Mutumin ba ya fi ni karatu ba ne, tare muka yi kwaleji, ni nake nuna masa lissafi. Amma ranar sai na ga ya fi ni tsawo. Da na kawar da gyaɗar shekarar na shiga Kano na sayo irinta, ta hannu, na dawo ƙauye ina tafiya a hankali kamar na ɗauko ƙwai.

Tun a ranar farko ta nuna min ita baƙuwa ce. Na kai ta rumfar Nura mai caji a bakin kasuwa, ya juya ta, ya duba igiyoyin da ke rataye a allonsa, ya ce, "Malam, ka zo da igiyarta? Duk garin nan babu mai irin bakinta." Daga nan igiya ta zama abokiyar tafiyata, kullum tana aljihu tare da carbi. Ranar da na manta ta a makaranta, kwana biyu wayar tana kwance ba rai. An ce min sababbin yanzu bakin cajinsu ya zama irin na sauran, to madalla, amma tawa ba haka take ba.

Sai maganar memori. Kin san yadda muke yi a nan: ranar kasuwa kowa ya kai wa Nura katin memorinsa ya zuba masa karatu da tafsiri, in an dawo gida wannan ya tura wa wancan. Innarku ta miƙo min nata ta ce in sa mu ji a sabuwar waya, tunda an ce ta fi kowace sauti. Na juya wayar sama, na juya ta ƙasa, na ɗauko allura ina tsokanar duk wata ƙofa da na gani. Babu wurin memori, ba a yi ta da shi ba. Innarku ta karɓi abinta ta mayar a ƙaramar wayarta, ta ce, "To, wayar manya ba ta cin tuwon gidanmu ke nan." Na yi kamar ban ji ba.

Kada ki ɗauka zaginta nake yi. Wayar ba ta da laifi ko ɗaya. Ba ta taɓa tsaya min cak ba, ba ta taɓa cika min fuska da tallace-tallace ba, hotonta kuwa sai wanda ya gani. Akwai lokacin da tsutsa ta shiga min masara, na ɗauki hoton ganyen na nuna wa malamin gona, nan take ya gane irinta bai taka gonar ba. Laifin nawa ne da na kawo ta inda ba ta da dangi. Don haka ranar Asabar kada ki kalli bayan waya. Ki tambayi kanki, mutanen da nake zaune da su, da waɗanda zan riƙa aika wa abu a gida, wace iri ce a hannunsu? In ta faɗi ta fashe, wa zai gyara min, kuma a ina? A jami'a za ki ga masu kifa waya a kan tebur fiye da wanda na gani a Dawakin Tofa. Ki bar su su kifa, ke ki saurari malami.

Kuskure na biyu ya fi wannan, kuma a shagon na yi shi, tun ban fito da wayar ba. Ki gane, gangar jikin waya daban, tsarin da yake tafiyar da ita daban. Android tsari ne da kamfanoni da yawa suke ɗora wayoyinsu a kai, iPhone kuma tana da nata ita kaɗai. Kowanne sai an buɗe wa mutum akawun, da suna da kalmar sirri, kuma wannan akawun ɗin shi ne mabuɗin duk abin da ke ciki. Mai shagon ya ce, "Malam, in buɗe maka?" Na ce, "Buɗe mana." Ya yi ta danne-danne, ni kuwa ina duba fuskata a gilashin wata wayar. Ban tambayi sunan da ya sa ba, ban tambayi kalmar ba. Har ya yi min bayanin cewa akwai ma'ajiya a intanet da wayar za ta riƙa kai kwafin hotuna da bidiyo in an bar ta a kunne. Ina jin intanet na ce ya kashe, kada ta shanye min data. Ya ce, "Malam, ka tabbata?" Na ce masa ni malamin makaranta ne. Ya kashe.

Ke da hannunki za ki buɗe akawun ɗinki, ko da kuwa za ki shekara a shagon. Kada Kawu ya buɗe miki, kada mai shago, kada ƙawa. Ki rubuta kalmar a takarda biyu, ɗaya ki adana, ɗaya ki kawo a sa a akwatin Innarku, inda ko ni ban isa in taɓa ba. Ma'ajiyar intanet ɗin nan kuma ki bar ta a kunne.

Da ranin shekarar ne na yi abu ɗaya mai kyau da wayar. Na lura ƙafar Malam ta fara nauyi, sai na roƙe shi mu zaga gonakinmu biyu, ta Tudu da ta Kwari, ya nuna min iyaka ina ɗauka. Muka fita da sanyin safiya, yana gaba da sandarsa ina biye. A Gonar Tudu ya tsaya gindin wani gawo ya ce, "Ɗauki wannan. Shekarar da aka haife ka na bar shi ya tashi. Daga gindinsa ka yi yamma taku goma sha biyu, nan muka tsaya da Tanko." Ya taka, yana ƙirgawa da ƙarfi. Ya faɗi wanda ya dasa layin gamba, da wanda ya ba wa aron wane gefe, da dalilin da ya sa iyakar ta karkace a wajen tsohuwar rijiya. Can ya juyo ya dubi wayar ya ce, "Wannan abin naka yana ji kuwa?" Na ce, "Yana ji, Baba." Ya ce, "To ya fi ka." Ya yi dariya har sai da ya jingina da sanda. Duk wannan ya shiga bidiyon.

Da daminar da ta biyo baya Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙansa da rahama. Ban iya kallon bidiyon ba ko sau ɗaya bayan rasuwarsa. Na sha ɗauko wayar da niyya, in na ga hularsa a ɗan hoton sai in kife ta. Ban tura wa kowa ba, ban kwafe a ko'ina ba, ban ma san yadda ake fitar da abu daga cikinta ba.

Yanzu ga na uku, wanda har yau in na tuna sai in ji zufa. Bayan kaka na gaji da yawo da igiya, na koma shagon na ce a musanya min da Android irin ta mutane. Mai shagon bai cuce ni ba, ina so ki san wannan. Ya tambaye ni, "Malam, ka kwashe kayanka daga ciki? Goge ta zan yi." Na zaro sim ɗina na ɗaga masa na ce, "Ga su nan." Kin san ƙananan wayoyinmu na da, duk lambobin mutum a sim suke, in ka canza waya ka sa sim sai ka ga kowa ya biyo ka. Shekara da shekaru a haka na san waya. Na zaci bidiyo ma haka yake. Ya dube ni kamar zai ƙara magana, na ce ina sauri motar Tsanyawa za ta cika. A gabana ya sa kalmar da shi ya sani ni ban sani ba, ya goge ta tas.

Da na kunna sabuwar na ga lambobi sun fito, hotuna ba su fito ba. Ban damu ba. Na ce a raina suna can cikin sim, ranar da nake buƙata a ciro min.

Ranar ta zo lokacin sharar gona. Na je Gonar Tudu na tarar Garba, ɗan marigayi Malam Tanko maƙwabcinmu, ya tone layin gamba ya matso har gindin gawo. Ya ce mahaifinsa ya gaya masa gawon ne iyaka. Ban ce ƙarya yake ba, wataƙila haka ya ji. Muka je gaban mai unguwa, dattawa suka zauna a gindin tsamiya. Ni kuwa ko a jikina. Na bar Garba ya gama, na miƙe na gyara riga na ce, "Ba sai na yi dogon bayani ba. Mahaifina Malam da kansa zai yi muku."  Na sa aka kira Nura, na miƙa masa wayar na ce ya ciro bidiyon daga sim.

Nura ya riƙe wayar bai danna komai ba. Ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, "Malam, sim ba ya ɗaukar bidiyo. Ina tsohuwar wayar?" Na ce na musanya. Ya ce, "Ka san akawun ɗinta?" Na ce ban sani ba. Mai unguwa yana jira, Garba yana jira, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutumin da ya koyar da rabin mutanen wurin karatu, ga shi tsaye mai caji yana koya masa abin da sim yake ɗauka. Na ce a ba ni kwana biyu. Na shiga Kano, mai shagon ya ce wayar ta daɗe da tafiya, kuma ko tana nan abin da aka goge ya gogu, ma'ajiyar da za ta cece ni kuma ni na ce a kashe. Da aka sake zama, mai unguwa ya raba yankin biyu don a zauna lafiya. Taku shida ya tafi, tsawon gonar gaba ɗaya.

Ƙasar ta yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba. A nan wurinmu gona a manne take da gona, taku shida dawar wata guda ce a gidan nan. Amma abin da ya fi ci min rai shi ne dariyar Malam. Ita kaɗai ce muryarsa da aka taɓa ɗauka. Ƙannenki ba su san yadda yake magana ba, ni kaina yanzu sai na yi da gaske nake tuno ta.

To ga ra'ayina, kuma ba a kan shakka nake ba. Ki ɗauki Android. Ita ce a hannun Innarku da yayyenki da mai unguwa, ita Nura ya sani ciki da waje, in ta samu matsala akwai mai duba ta a Tsanyawa ba sai an shiga birni ba. Ki tabbatar tana da wurin memori, don ba kowace Android ke da shi ba yanzu, ki sa a buɗe miki ki gani da idonki. Ki nemi mai wadataccen ciki da batir mai jimiri, ta kamfanin da aka sani, kuma ki tambaya ko har yanzu ana aiko mata da sabuntawa. Ita ma tana da halinta, shekarun nan da ita nake zaune. Ƙofofinta suna da yawa, kowa zai ce bari in tura miki wannan manhajar, in kika biye musu sai ki wayi gari waya ta yi nauyi tana ta tsalle-tsallen talla. Kada ki karɓi manhaja daga hannun kowa, ki ɗauko daga rumbun manhajojin wayar kawai. In Kawu ya kawo maganar tablet, babbar wayar nan mai faɗi, saboda karatun littattafai, shawara ce mai kyau nan gaba, ita ma tsarin biyun nan ne, amma yanzu ba za ki bi Gwaggo cikin dawa da faranti a hannu ba.

In kuma ranki ya kwanta da iPhone, ba zan yi fushi ba, kyautarki ce, kuma waya ce mai nagarta. Sharaɗina ɗaya. Kada ki fito daga shagon sai kin ɗauki Kawu a bidiyo, kin fitar da bidiyon daga wayar zuwa tasa da hannunki, ya kunna kin gani. In kin iya wannan, kin riga kin fi ubanki. Kowace dai kika ɗauka, bidiyon Gwaggo ba zai kwana a wuri ɗaya ba. A ranar za mu sa shi a memori biyu, mu tura wa yayyenki, ki kai kwafi ma'ajiyar intanet, ni kuma in rubuta abin da ta faɗa a takarda dattawa su sa hannu.

Jiya bayan la'asar na je wurin Gwaggo. Kin san tun bara ba ta wuce bakin rijiya. Na same ta a tabarma tana ɓarar gyaɗa, na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata abin da ke tafe da ni. Na ga ya kamata in fara da gaya mata gaskiyar abin da ya faru da bidiyon Malam, tunda shekarun nan ina ganin na rufa wa kaina asiri a cikin gida. Ban kai rabi ba ta ɗaga min hannu.

Ta ce, "Isyaku, wannan ai tun ranar na sani. Kai kaɗai ne kake zaton ba a sani ba."

Na ce, "To Gwaggo, za ki taimaka?"

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Sannan ta ce, "A ɗaura amalanke a kai ni bakin gonar, daga nan da ƙafata zan shiga. Takwarata ce za ta riƙe wayar. Kai ka riƙe min hannu, shi ne aikinka."

Na ce na ji.

Ta ce, "Ka gaya mata ta zo da shirinta. Abin da yayana ya faɗa maka ka zubar, ni zan sake faɗa sau ɗaya. Ƙafar nan ba ta da zuwa na biyu."

Don haka Maryam, ki zaɓa da hankalinki, ki cika ta da caji, ki koyi maɓallanta tun kina can. Ki hau motar farko ranar Alhamis. Mai unguwa ya amsa, shanu suna nan, ni kuma zan riƙe hannun Gwaggo kamar yadda aka umarce ni.

Allah Ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na mutane, Ya buɗe miki karatu, Ya sa ki gama da albarka. Allah Ya ba Gwaggo lafiya Ya kai mu Alhamis. Ki gaishe min da Kawu da mutanen gidansa, ki ce ina godiya ƙwarai. Allah Ya yi miki albarka.

Wassalam.

Babanki,
Isyaku